Shafi Goma Sha Shida da Baba Ya Cire

Shekara arba'in da ɗaya mahaifina ya yi yana ɗinkin littattafai, kuma abu ɗaya kawai na taɓa ji ya yi alfahari da shi: bai taɓa ɓatar da shafin kowa ba. Kawo masa littafin da ɓera ya ci gefensa, ko wanda yara suka mayar ƙwallo, zai zauna ya jera shi, ya ƙirga sau biyu kafin allura ta taɓa shi. Idan shafi ya ɓace tun daga gidanka, sai ya kira ka ya nuna maka gurbin da idonka, don kada gobe a ce a hannunsa ya salwanta. Ni ce 'yarsa ta fari, malamar firamare, kuma bakin marigayiya mahaifiyata na gada, ban gaji haƙurinsa ba. Duk wanda ya taɓa sunan Baba a gabana, ranar sai ya gwammace bai fito daga gida ba.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Akwai tebur guda, ƙarfen matse littafi wanda ya girme ni, gwangwanin kakin da yake goga wa zare, da tukunyar gam mai warin da ke bin mutum har cikin tufafinsa. A bakin ƙofa akwai benci, a lungu kuma risho da butar shayi. Tun ina ƙarama ya koya mini cewa littafi ba shafi-shafi ake ɗinka shi ba. Ƙunshi-ƙunshi ne, kowane ƙunshi shafi goma sha shida a naɗe cikin juna, kuma ta tsakiyar naɗin ake soka allura. Yana da wata ɗabi'a tasa shi kaɗai: duk littafin da ya ɗinka sai ya ƙara masa fararen takardu a baya. Ya ce mai karatu ma yana da bakin magana, a ba shi wurin da zai yi ta.

Na san ya taɓa aikin soja kafin a haife ni, na ɗan lokaci kaɗan. In ka tambaye shi me ya sa ya bari, sai ya ce takalmin ne ya matse shi. Yayansa ma, wanda muke kira Baffa, soja ne a da, kuma a gidanmu ana cewa Baffa ya taɓa yin doguwar tafiya ta shekara bakwai. Ban taɓa tambaya ina ya je ba. Yaro ba ya bin diddigin irin wannan magana, kuma kafin ya girma ta riga ta zame masa jiki.

Baffa mutum ne dogo, mai murya kamar ana buga ganga. Tun da na yi wayo, kullum da la'asar sai ya zo shagon ya zauna a kan benci. Baba ya zuba masa shayi ya miƙa masa da hannu biyu, sannan ya koma bakin tebur ya ci gaba da aiki a tsaye. Ban taɓa ganin Baba ya zauna ba muddin yayansa na wurin, ban kuma taɓa ganin ya zuba wa kansa ba. Hirarsu ba ta wuce “Yaya, ya ƙafar?” da “Da sauƙi, Auta.” Ni na ɗauka ladabi ne, har ina yi wa ƙannena gori da shi.

Shekara shida da suka wuce, Baffa ya zo da wani littafi a cikin leda. Bangon ya rabu, zaren ya tsinke, ƙunshin duk sun warwatse. Ina wurin, ina duba aikin ɗalibaina a gefen tebur. Ya ajiye ya ce, “Auta, ka gyara min wannan. Ka kuma karanta shi.” Bayan mako guda ya dawo. Baba ya miƙa masa littafin da sabon koren bango, ya yi kyau kamar daga kanti. Baffa bai ko kalli bangon ba. Kai tsaye ya buɗe bayan littafin, ya daɗe yana kallo, ya ɗaga kai ya dubi Baba, wanda ya ba shi baya yana goga kaki a zare. Sai ya ajiye littafin a kan benci, ya ɗauki sandarsa ya fita, shayinsa ko kurɓa bai yi ba.

Daga ranar bai sake taka shagon ba.

Abin ya ci mini rai, ba kaɗan ba. Tsakanin gidan Baffa da shagon tafiyar minti goma ce, amma sai ka ce teku aka shimfiɗa. In an haɗu a wurin rasuwa su gaisa sama-sama, kowa ya kama gabansa. Na tambayi Baba, ya ce ƙafar Yaya ce ta matsa masa. Na tambayi Baffa, ya ce in tambayi ubana. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi musu, ko a jikinsu. Baffa ya haura saba'in, ciwon suga na cinsa, ni kuwa kullum tsorona ɗaya: kada a wayi gari ɗayansu ya tafi ba su shirya ba.

Littafin kuwa ya zauna a kan kanta, tunda mai shi bai zo ɗauka ba. Wata rana wani malamin lissafi da ya kawo ɗinki ya gan shi ya ara. Ya dawo da shi bayan kwana biyu idanunsa jawur, ya ce wannan littafi sai an tattauna. Daga shi sai Mai Rediyo na ƙarshen layi, daga Mai Rediyo sai Sista, wata ma'aikaciyar jinya da ke biyowa ta nan in ta tashi aiki. Kafin shekara ta zagayo, rabin unguwa sun karanta.

Labarin yaƙi ne a sararin samaniya, nan da shekaru ɗaruruwa masu zuwa. Wata yarinya ce aka haifa a ƙaramar duniya ta masu haƙar ƙarfe, babbar duniya ta ɗauke ta ta horar da ita har ta zama kyaftin ɗin jirgin yaƙi. Ƙanenta ma yana cikin jirgin, shi ne mai karɓar saƙo. Sai masu haƙar ƙarfen suka yi bore, aka tura ta. Umarni ya zo ta harbe wani jirgin da ya taso daga garinsu, wanda ba ta san ko makamai ne a ciki ko mata da yara ba. Ta ɗora yatsa a kan madannin harbi. A nan littafin ya ƙare, daga nan sai fararen takardun Baba.

Wayyo, fararen takardun nan sun sha biro! Wani ya rubuta, “Ta harba mana, ai rantsuwa ta yi.” Wani ya zo ƙasansa ya rubuta, “Allah ya sa kada ka zama soja.” Wata ta ce marubucin matsoraci ne, ya kasa yanke hukunci ya bar wa talakawa. Wani kuma ya ce a'a, gwani ne, ya bar mu da madanni a hannunmu. Takardun suka cika, Baba ya ƙara wasu, suka sake cika. Malamin Lissafi da Mai Rediyo da Sista kuwa suka mayar da bencin Baffa majalisa, duk ranar Asabar da yamma.

Malamin Lissafi yana ɓangaren harbi. Yakan ce, “In kowane soja zai tsaya ya tambayi zuciyarsa, to ba runduna ba ce, taron 'yan kasuwa ne.”

Mai Rediyo kuwa sai ya taso masa. “Malam, kai fa ko kaza ba ka iya yankawa, sai matarka ta kira maƙwabci. Kai ne za ka harbe jirgi?”

Ita Sista cewa take yi duk maza ne suka cika surutu, kyaftin ɗin ta riga ta san abin da za ta yi tun shafi na hamsin, su ne ba su iya karatu ba. Ni ma ina tsoma baki, yau ina nan gobe ina can. Baba kaɗai ne ba ya cewa uffan. In aka matsa masa sai ya ce, “Ni ɗinki na sani.” Shekara biyar yana tsaye yana jin wannan gardama, allura a hannu.

Sai ranar Asabar ɗin da Sista ta dawo daga wani kwas da aka tura ta wani gari. Ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, jaka a kafaɗa, tana haki kamar an biyo ta. Ta zaro littafi ta buga a kan tebur har gwangwanin kaki ya yi tsalle. Littafinmu ne, sabo fil, ta tsinto shi a wurin masu sayar da littattafai a bakin tasha.

“Jama'a, an cuce mu,” in ji ta. “Littafin nan bai ƙare a madanni ba. Akwai sauran shafi goma sha shida.”

Malamin Lissafi ya ajiye kofinsa a kan gwiwar Mai Rediyo, bai ma san ya yi ba. Mai Rediyo ya ce, “Sista, ki ji tsoron Allah.”

“Ga shi nan, ku duba.”

Aka sauko da mai koren bango, aka jera su gefe da gefe. Namu ya tsaya a shafi na ɗari uku da ashirin. Nata ya wuce har ɗari uku da talatin da shida. Muka yi cirko-cirko, baki buɗe. Shekara biyar muna ɓata da juna a kan tambayar da marubucin ya riga ya amsa. Malamin Lissafi har ya taɓa daina gaida wani abokin aikinsa wata biyu a kan wannan magana.

“To ta harba ko ba ta harba ba?” Mai Rediyo ya tambaya.

Sista ta zauna ta kwashe mana ƙarshen. Kyaftin ta ɗage yatsanta, ba ta harba ba. Aka kama ta, aka kai ta kotun soja. Mutanen jirginta suka haɗa baki za su ce na'urar saƙo ce ta lalace, umarnin bai iso ba. Kowa ya faɗi haka, ɗaya bayan ɗaya. Sai aka kira ƙanenta, mai karɓar saƙo, aka rantsar da shi. Ya ce na'ura lafiyarta lau, umarni ya iso, kuma shi da bakinsa ya faɗa mata. Aka tuɓe mata kaki, aka ɗaure ta.

Mai Rediyo ya miƙe tsaye. “Ƙanenta? Ciki ɗaya? Kai, wannan yaro an yi ɗan banza! Munafuki! Wallahi da ƙanena ne, ko gawata ban yarda ya raka ba.”

“To ai rantsuwa aka ba shi,” in ji Malamin Lissafi, amma a sanyaye, don shi ma abin ya dake shi.

“Rantsuwar me? Matar da ta goya shi? Ai irin wannan ko ya shekara ɗari bai isa ya zauna kusa da ita ba.”

Ni ma na zuba nawa, ban rage ba. Na ce yaron nan matsoraci ne, ya sayi fatarsa da ta yayarsa. Ina cikin magana na ga Sista tana jujjuya mai koren bangon, tana leƙa gindin ɗinkin. Ta ce, a hankali, “Amma fa goma sha shida cif. Ba ƙunshi ɗaya ke nan ba, Baba?”

Nan take kaina ya ɗau zafi. Na ce, “Sista, me kike nufi? Ki fito fili. Mutumin da ya shekara arba'in ko kusurwar shafi bai ɓatar ba? Tun daga maɗaba'a aka yi kuskuren, ko kuma a haka Baffa ya kawo shi. Ki iya bakinki a shagon ubana.”

“Uwata, bari.”

Baba ne. Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya soke allura a jikin kakin, ya goge hannu a gaban rigarsa.

“Ba ɓata ya yi ba,” in ji shi. “Ni na cire.”

Da cewa aka yi ƙarfen matsin nan ya buɗe baki ya yi magana, da zan fi saurin yarda. Na kalle shi, na kalli Sista da na gama wankewa tas, na rasa inda zan sa fuskata. Injin mai askin da ke maƙwabtaka kawai ake ji ta bango.

“Don me, Baba?” Malamin Lissafi ya tambaya.

Baba ya dubi Mai Rediyo, ba da fushi ba. “Ɗan banzan nan da kake zagi, ni ne.”

Ya ba mu labarin a tsaye, bai fi minti biyar ba, kamar mai karanta takardar wani. Yana da shekara ashirin, shi ne mai riƙe rediyon oba-oba a rukunin da Baffa yake saje. Aka tura su ƙofar wata masana'anta inda ma'aikata suka yi zaman dirshan, kuma da yawansu 'yan unguwar da suka tashi ne. Umarni ya zo ta rediyo a buɗe wuta. Baba ya faɗa wa yayansa. Baffa ya ce wa mutanensa kowa ya sauke bindiga. A kotu duk rukunin suka ce rediyo ne ya mutu. Da aka zo kan Baba, aka rantsar da shi, ya ce rediyo bai mutu ba.

“Shekara bakwai,” in ji shi. “Ita ce doguwar tafiyar da ake gaya muku. Ya fito, bai taɓa ce mini don me ba. Shekara talatin yana zuwa nan yana shan shayina, ina jiran ranar da zai faɗa. Sai ya kawo mini littafin nan. Ina jera ƙunshi, na zo na ƙarshe, na ga yaron a gaban kotu. Na ce to, yau ga maganar ta zo. Bai iya faɗa da baki ba, ya aiko mini a rubuce. Na kai inda yaron ya ce na'ura lafiyarta lau, na kasa wucewa. Na naɗe, na ajiye. Hannuna ya ƙi ɗinka shi.”

Mai Rediyo ya koma ya zauna kamar an zare masa laka. “Baba, wallahi ban sani ba. Bakina ne…”

“Ba ka faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba.”

Ni dai ina tsaye ina kallon Baba. Mutumin da na sani tun ina rarrafe, ashe rabinsa kawai na sani. Kuma da bakina na kira shi matsoraci, yana tsaye taku biyu daga inda nake. Haushin kaina ya kama ni, haushinsa ya kama ni, har da na Baffa, da ya rasa hanyar rama tsohon ciwo sai ta littafi.

Baba ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya ɗaga tsofaffin kwalaye, ya fito da wata ambulan da ta yi ja don daɗewa. Ya miƙo mini. “Ƙirga, Uwata. Kada a ce ko ɗaya ya salwanta.”

Ko a wannan hali, ƙirga ce ta dame shi. Na zaro ƙunshin na fara buɗewa ina kiran lamba, kamar yadda ya koya mini. Ɗari uku da ashirin da ɗaya, da biyu, da uku. Na wuce kotun. Na zo shafi na biyun ƙarshe, inda labarin ya tsaya a tsakiyar takarda ya bar rabin shafi fari. Sai dai ba fari ba ne. An cika shi da fensir, da manyan baƙaƙe masu jingina da juna. Na san rubutun, shi ne a kan duk katin da Baffa ya taɓa ba ni in na ci jarrabawa.

“Baba,” na ce, “ka ga wannan?”

“Wanne?”

“Ka karanta ƙunshin nan har ƙarshe?”

“Na gaya miki na kasa.”

Na so in miƙa masa ya karanta da kansa, amma tabaransa na kan tebur. Ya ce in karanta. Na karanta:

“Auta, tunda ka ce mai karatu ma yana da baki, ga nawa ra'ayin. Yayar ta yi daidai. Ƙanen ma bai yi laifi ba. Yaro ne, an rantsar da shi, kuma da ya yi ƙarya aka gano, su biyu za a ɗaure, tsohuwarsu ta rasa mai ɗebo mata ruwa. Na san haka tun ina ciki, bakina ne ya kasa faɗa. Na gaji da ganin ƙeyarka. In ka karanta wannan, ran da na zo ka zuba kofi biyu, ka zauna kusa da ni. Ba sai ka ce komai ba.”

Sista ta ɗora hannu biyu a ka. Malamin Lissafi ya ce, “Innalillahi,” ya sake cewa, ya kuma sake. Baba kuwa ya dafa ƙarfen matsi. Fuskarsa ta koma kamar takardar da ke hannuna.

Sai a lokacin na ga abin da Baffa ya gani ranar nan. Ya zo da zuciyarsa a hannu, ya tarar da kofi ɗaya. Ya buɗe bayan littafi, ya ga an cire maganarsa ɗungurungum, an maye gurbinta da farar takarda, ƙanensa kuma ya ba shi baya. Wace amsa ce ta fi wannan muni? Shekara shida tsohon nan yana zaune a gida yana zaton an karanta yafiyarsa an yage. Shi kuma wannan yana nan yana zaton an aiko masa da tuhuma. Tsakaninsa da maganar da ya shekara talatin yana jira, takarda uku ce kacal, kuma tana cikin aljihun teburin da yake jingina da shi kullum.

“Mutumin da ke ƙirga littafin kowa sau biyu!” na ce, ina kuka ina faɗa. “Naka ne kawai ba ka ƙirga ba, Baba!”

Baba ya ɗauki ashana. Ya juya ya kunna risho. Muna kallo ya dafa shayi, ya juye a fulas, ya ɗauraye kofi biyu ya sa a leda. Ya ɗauki mai koren bangon, da ƙunshin, da allura da zare. Ya bar shagon a buɗe, abin da bai taɓa yi ba. Mai Rediyo ya ce zai tsare. Na bi bayansa, don ban yarda ƙafafunsa za su kai shi ba.

Muka tarar da Baffa a ƙofar gidansa a kan kujerar roba, ya miƙe ƙafar da ke ciwo a kan wani bokiti da aka kife. Ya rame fiye da yadda na bar shi makon jiya. Ya gan mu tun daga nesa, ya ga koren bangon, fuskarsa ta ɗaure.

Baba ya tsaya a gabansa ya yi sallama. Baffa ya amsa a taƙaice.

“Yaya, yau na karanta.”

“Me ka karanta?”

Baba ya miƙa masa ƙunshin a buɗe, a daidai wurin fensir. Baffa ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya ƙura wa rubutunsa ido. Ya juya takardar, ya shafa gefenta da babban yatsa. Babu yaga ko ɗaya.

“Ba ka yage ba?”

“A aljihun tebur yake. Na tsaya a kotu, Yaya. Ban kai ƙarshe ba.”

“Ba ka kai…” Baffa ya dube ni, kamar ni ce zan ce masa wasa ake yi. Na gyaɗa kai. Ya sake duban ƙanensa, bakinsa a buɗe. “Shekara shida, Auta? Shekara shida ba ka juya takarda uku ba? Na ce ka karanta! Da bakina na ce ka karanta!”

“Ka faɗa.”

“Kai da ɗinki ne sana'arka!”

“Na ɗauka zagina ka aiko.”

“Zagi? In zagi ne sai na sayi littafi? Ba ni da baki?”

Muryar gangar nan ta fashe a tsakiya. Ya kawar da kai yana kallon bango, yana share ido da bakin hannun riga, yana cewa wannan wane irin sakarci ne, tsofaffi biyu da furfura. Baba yana tsaye da fulas a hannu, kamar ɗalibin da aka kira gaban aji. Na leƙa cikin gida na ɗauko wata kujerar, na ajiye ta daf da ta Baffa, na koma gefe na yi shiru, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne.

Baba ya zuba kofi na farko ya miƙa da hannu biyu, yadda ya saba. Ya zuba na biyu, rabi a kofi rabi a ƙasa. Ya dubi kujerar, ya daɗe yana dubanta.

“Ƙafata ce ke ciwo, ba wuyana ba,” in ji Baffa. “Amma na gaji da ɗaga kai. Zauna.”

Baba ya zauna. A bakin kujerar ya ɗosana tukuna, sannan a hankali ya jingina. Ba wanda ya ƙara cewa komai. Da shayin ya ƙare, ya ɗora littafin a cinyarsa, ya yanke zaren baya, ya soma neman ramin allura, ya kasa samu saboda ya baro tabarau a shago. Baffa ya karɓi allurar ya zura masa zaren, ya riƙe masa bangon, Baba ya soka ta tsakiyar naɗin.